Awarwaron Hajiya Laure

Da ƙarfe shida na safe Guga ya rufe ƙofofinsa, ya sanar cikin tattausar murya cewa mutum arba'in suka sauka jiya, arba'in kuma sun shiga yau. Igiyoyin ƙarfe suka miƙe, ya fara hawa daga ƙasan Kwazazzabon Maikurmi.

Guga ɗaki ne na gilashi mai hawa biyu, maza a sama, mata a ƙasa. Da la'asar yake sauke masu yawon buɗe ido daga Birnin Tsauni zuwa zurfin mita dubu da ɗari biyu, su kwana a kan yashin kogi, tsakanin bangayen dutsen da suka mayar da sararin sama siririn zare. Kowane baƙo yana sanye da awarwaron shaida, kuma shi na'ura take ƙirgawa. Da zarar ƙirga ta cika, sai Guga ya aika wa madatsar ruwa izini, bayan minti ashirin a saki ruwan da ke juya injinan lantarkin birnin, ya cika kwazazzabon tsayin gida hawa uku.

Magabata ba haka suke yi ba. Madugun fatake ba ya barin zango sai ya kira kowa da sunansa ya ji an amsa, haka direbobin da suka gaje shi suke waiwayawa su tambayi wanda bai ga maƙwabcinsa ba. Injiniya Sallau Makarfi, wanda ya ƙera Guga, ya raina wannan al'ada. Ya tsaya gaban majalisar birni ya ce ido yana gyangyaɗi, na'ura kuwa ba ta yi, sannan ya cire hannun ɗan Adam daga aikin baki ɗaya. Shekara bakwai ba a sami kuskure ba, shi ya sa ya kawo matarsa Hajiya Laure ta gani da idonta.

Sun yi minti huɗu suna hawa sai Sallau ya sa hannu a aljihu neman carbi. Abin da ya taɓa awarwaro ne, alhali nasa yana wuyan hannunsa.

Nan take ya tuna. Da asuba Hajiya Laure ta tuɓe nata ta miƙa masa. "Injiniya, riƙe mini wannan ƙirƙirar taka. Duk iliminka ba ka san ruwan alwala ba ya ratsa roba ba?" Ya yi dariya ya jefa a aljihu, ita kuwa ta zaga bayan wani dutse da butarta.

Ya danna abin magana zuwa hawan mata. "Don Allah, Hajiya Laure tana cikinku?"

Wata dattijuwa ta amsa. "Mun baro ta tana lazimi, Alhaji. Da muka ji an ce an cika, sai muka ɗauka ta shigo."

Ya manna goshinsa a gilashi. Can ƙasa, a kan yashi, ga farin hijabi kamar ƙwayar shinkafa.

Ya kira ɗakin kula, Nomau mai aikin safe ya ɗauka.

"Nomau, tsayar da Guga. Matata tana ƙasa."

"Ranka ya daɗe, allo ya nuna Hajiya tana kusa da kai."

"Awarwaronta ne a aljihuna. Tsayar da shi, ka hana madatsa buɗewa."

"Da me zan tsayar, ranka ya daɗe? Kujera da allo kawai ka bar mana."

"Kira masu madatsa."

"Babu kowa a can tun bara. Kai ka sa hannu aka sallame su."

"To yanke wutar."

"Ɗakin wuta yana kulle, mabuɗinsa zanen yatsanka ne."

Saura minti goma sha ɗaya. Sallau ya bi tsarin na'urar a kansa layi bayan layi, yana neman ɓarakar da ya shafe shekaru yana toshewa. Ɗaya ya samu. Doka ta tara ta ce muddin awarwaro guda yana aika sigina daga ƙasan kwazazzabo, madatsa ba za ta buɗe ba.

Tagogin Guga ba sa buɗuwa, Sallau da kansa ya hana. Sai wata kafar iska mai raga a rufi, faɗin tafin hannu. Maza uku suka ɗaga shi a kafaɗa, ya fasa ragar da sandar wani tsoho har yatsunsa suka tsage. Ya naɗe awarwaron a hularsa don ya rage masa buguwa, ya yi bisimilla, ya tura shi waje.

Hular ta warware a iska. Suka bi awarwaron da ido har ya daki gefen dutse.

"Nomau, me ka gani?"

"Sigina ta yi ƙasa da gudu, ranka ya daɗe." Nomau ya sake duban allo. "Yanzu ta ɗauke."

Guga bai rage gudu ba. Ya sanar cewa baƙuwa mai lamba goma sha bakwai ta faɗo daga tsayin mita ɗari biyar, babu alamar rai, saboda haka babu dalilin jinkirta ruwa. Daga nan ya karanta kalmomin da Sallau ya rubuta da hannunsa domin irin wannan rana: hukumar Guga tana miƙa ta'aziyyarta ga iyalan Hajiya Laure, Allah Ya jiƙanta.

Babu wanda ya ce amin. A ƙasa farin hijabin yana motsi, ta fito tsakiyar yashi inda za a fi ganinta, domin ta san mijinta ba ya ƙera abin da ke mantuwa.

Sallau yana durƙushe a jikin gilashi yana kiran sunanta lokacin da rugugin ruwa ya taso daga arewa. A saman tsauni kuwa, fitilun Birnin Tsauni suka ƙara haske, a kan lokaci.