Ranar Da Auta Ya Goge Gide

Na daɗe a Fatakwal ina aiki a jirgin ruwan da ke kai wa masu haƙar mai kaya. Da na dawo Faskari, sai na tarar garin ya canza.

An zuba kwalta a hanyar unguwarmu. An kafa dogon ƙarfen waya a bayan makarantar firamare. Mai shayin bakin tasha ya sayi janareta da talabijin. Kowane saurayi da babur ɗinsa, har waɗanda na bari ba su iya keke ba. Baba ya sa wa ɗakunanmu rufin kwano. Ƙanena kuwa, wanda kowa ke ce wa Auta, na bar shi iya ƙuguna, na dawo ya kai kafaɗata.

Abu ɗaya ne bai canza ba. Tsohuwar kwamfutar da na bari a zaure tana nan, an lulluɓe ta da zanen Goggo saboda ƙura.

Akwai wani wasa a cikinta. Sunansa na Turanci dogo ne, don haka yara suka sa masa Dutsen Wuta. Labarin jarumai uku ne. Wani dodo ya sace wutar garinsu, su kuma suka fita nemanta. Kana tafiya da su daji daji, suna yaƙi, suna samun makamai, suna ƙara ƙarfi.

Duk shekarun da ba na nan, Auta da abokinsa Harisu suke bugawa. Gidan su Harisu na bayan namu. Da an kawo wuta da rana, sai ka ji Auta ya leƙa katanga yana ihu.

"Harisu! Sun kawo!"

Jarumi mai takobi na Auta ne. Maharbi mai baka na Harisu ne, ya sa masa suna Gide. Sunan kakansa ke nan, wanda ya yi farauta a dajin Sabuwa kafin ya rasu. Ta ukun wata tsohuwa ce mai magani. Ita kuwa, Goggo yayar Baba ta ce tata ce.

Goggo ba ta taɓa kwamfuta. Zama take a tabarma tana ɓarar gyaɗa tana kallo. Mutanen cikin wasan ba sa magana, rubutu ne ke fitowa. Turancin ya fi ƙarfin yaran, sai Goggo ta riƙa ƙirƙiro musu abin da ake cewa.

"Wanga mai gemun cewa yake ku ba shi fura, ya nuna muku hanya."

"Goggo, sarki ne fa!"

"To sarki ba ya shan fura?"

Ranar da na dawo suka nuna mini inda suka kai. Saura kaɗan su gama. Gide ya zama gwarzo. Yana da baka ta azurfa, kibiyarsa ɗaya na ka da dodo biyu.

"Damina biyu ina neman bakar nan, Yaya," in ji Harisu, yana shafa gilashin da yatsa.

Sai na buɗe jakata na fito da tsarabarsu. Sabon faifai ne a cikin kwalinsa.

"Dutsen Wuta na biyu," na ce.

Auta ya daka tsalle har ya ture kwanon gyaɗar Goggo.

Muka sa faifan. Kwamfutar ta yi ta gurnani, sannan ta ce babu wuri, cikinta ya cika.

"Ku yi haƙuri," na ce. "Gobe zan je Ƙanƙara gaida Kawu. In na dawo zan kwashe tsofaffin kayana daga ciki, wuri zai samu. Kada wanda ya taɓa komai."

"To, Yaya," suka ce tare.

Amma Auta bai iya jira ba.

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Harisu ya bi babansa gona. Auta ya zauna shi kaɗai, kwalin faifan na hannunsa. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya. Ya ce a ransa, ai na farkon ya tsufa, kuma mun kusa gamawa. Ya nemo tsohon wasan, ya danna gogewa.

Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata.

Da na dawo bayan la'asar, na iske shi ya ƙura wa gilashi ido, bakinsa buɗe. Gaskiya sabon wasan yana da kyau. Ruwan kogi na motsi kamar na gaske. Iska na kaɗa ciyawa. Har inuwar doki kana gani.

"Auta, ina ka samu wuri?"

Kafin ya amsa, Harisu ya yi sallama. Ƙafafunsa duk laka, ko gida bai biya ba.

"Kai! An sa shi? Matsa in gani!" Ya durƙusa yana dariya. Ya duba nan, ya duba can. "To ina Gide?"

"Babu Gide a nan," in ji Auta, bai ko waiwayo ba. "Na goge wancan. Dubi wannan dokin, don Allah!"

"Ka goge mi?"

"Tsohon. Ai wannan ya fi shi."

Harisu bai yi faɗa ba. Bai zagi kowa ba. Ya dubi gilashin, ya dubi Auta. Sannan ya miƙe ya fita. Ko takalmansa bai ɗauka ba.

Na karɓi kujerar, na yi duk dabarar da na sani. Ajiyar wasan, inda aka adana jarumansu da duk inda suka kai, ta tafi, ba ta dawowa. Sai na koma farkon sabon wasan. Akwai wani rubutu da Auta ya tsallake don gaggawa.

"Ka karanta wannan?" na tambaye shi.

"A'a, Yaya. Mi ya ce?"

"Ya ce duk wanda ya gama na farko, kuma ajiyarsa na nan, jarumansa za su haye zuwa na biyu. Da sunayensu, da makamansu. Wanda ba shi da ajiya, jarumi ɗaya za a ba shi, ya tafi shi kaɗai."

Auta ya juyo a hankali.

"Har da Gide?"

"Har da bakarsa ta azurfa."

Ya sunkuyar da kai. Amma bai je wurin Harisu ba. Kunya ta hana shi, taurin kai ya taya ta.

Kwanaki suka wuce. Ana kawo wuta, ba wanda ke leƙa katanga. A hanyar makaranta Harisu na bin wancan gefen titi. Takalmansa na nan a ƙofar zaure, Goggo ta jingine su da bango.

Auta ya ci gaba da buga sabon wasan shi kaɗai. Nakan zauna in yi kallo. Dodannin sun fi na da girma. Garuruwan sun fi yawa. Amma akwai wata kibiya a sama da ke nuna maka hanya kullum, ba ka ɓata, ba ka neman shawarar kowa. Mutanen ciki kuma yanzu da murya suke magana, ba sa gajiya.

Goggo ta zauna sau ɗaya, ta kwashe gyaɗarta ta koma cikin gida.

"Goggo, ba za ki kalla ba?" in ji Auta.

"Waɗannan surutunsu ya yi yawa. Ba su bar mini wurin magana ba. Kuma ina tsohuwata mai magani? Ka kore ta ba sallama."

Wata rana ya ka da wani ƙaton dodo mai kai uku. Ya ɗaga hannu ya juya gefensa zai tafa. Babu kowa a wurin. Ya mai da hannun a hankali.

"To, gwani," na ce, "wanne ya fi, na farko ko na biyu?"

"Na biyu ya fi kyau," ya ce. "Amma ba ya sa ni dariya."

Baba na zaune a ƙofar zaure yana gyara ƙotar fartanya. Ashe yana jinmu.

"Auta, zo nan."

Ya zo ya durƙusa.

"Na ga takalman ɗan maƙwabta sun kwana biyu a ƙofata. Mi ya faru?"

Auta ya faɗi komai, bai rage ba. A ƙarshe ya ce, "Amma Baba, ai kwamfutar ta gidanmu ce."

"Ta gidanku ce. Maharbin fa, wa ya yi renonsa?"

"Harisu."

"Ka tambaye shi kafin ka goge?"

"A'a."

"Da yayanka ya ce ku jira, ka jira?"

"A'a, Baba."

"In maƙwabcina ya ɗaure akuyarsa a garkena, garken nawa ne. Sai in yanka ta don ina son wurin?"

Hawaye suka zubo wa Auta. Baba ya nuna masa takalman da ƙotar fartanya.

"Ɗauki ka kai masa. Ka san abin da za ka ce."

Na raka shi, na tsaya daga nesa. Harisu na ba tumaki dusa.

"Ga takalmanka," in ji Auta.

"Ajiye."

"Harisu, na yi laifi. Gide naka ne, na goge ban tambaye ka ba. Ka yafe mini."

Harisu ya ci gaba da zuba dusa. "Zai dawo?"

"Yaya ya gwada. Ba zai dawo ba. Sai dai mu sake daga farko."

"Daga farko? Ka san wahalar da na sha a kogon jemagu?"

"Na sani. Wannan karon ni zan shiga gaba, su cinye ni."

Harisu ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. "Kai da ke gudu in ka ga gizo-gizo?"

"Sau ɗaya ne!"

"Sau ɗaya a kowace rana dai."

Sai wata matsala ta taso. Ana bukatar tsohon faifan, kuma ba wanda ya san inda yake. Muka birkice zaure. Muka duba akwatina, muka duba ƙarƙashin gado. Babu.

Baba ya shigo ya iske mu cikin ƙura.

"Mi kuke nema haka?"

"Wani faifai, Baba. Zagayayye, mai walƙiya."

"Mai rami a tsakiya? Kamar madubi?"

"Shi!"

"Af! Ai yana gonar gero. Na rataye shi a sanda yana korar tsuntsaye. Duk gonakin hanyar Ruwan Godiya babu mai gadi kamarsa."

Goggo ta yi dariya har tana tari.

Na ari babur, na goya su biyun. Geron ya fitar da kai, ya yi kyau. Tun daga nesa muka hango wani abu na ƙyalli yana juyawa a iska. Harisu ya ɗaga Auta a kafaɗa, ya kwance zaren. Muka rataye gwangwanaye a madadinsa, don kada Baba ya yi asarar mai gadi.

Faifan ya sha rana, ya sha ruwa, tsuntsaye ma sun yi masa ado. Muka wanke shi. Na shafa masa makilin, na goge da tsumma mai laushi. Na kwashe tsofaffin kayana daga kwamfutar, wuri ya samu. Muka sa shi.

Ta yi gurnani. Ta yi shiru. Ta sake gurnani. Goggo ta ce a yi bisimilla. Sai ga tsohon kiɗan nan ya tashi.

Yaran suka rungume juna suna ihu.

Wasan ya nemi a rubuta sunayen jarumai. Auta ya tashi daga kujera.

"Zauna, Harisu. Kai za ka fara."

Harisu ya rubuta Gide da yatsa ɗaya. Maharbin ya fito, siriri, da rigar buhu da bakar kara.

"Wayyo, Gide," in ji Harisu. "Dubi yadda ka rame."

"Cewa yake yunwa yake ji," in ji Goggo, tana shimfiɗa tabarma. "Ku nemo masa fura."

Hutuna ya ƙare. Dama ni ƙafata ba ta son zama, tun sati na biyu take ƙaiƙayi. Ranar da zan koma, ina ɗaure jaka, Auta ya shigo da kwalin sabon wasan. Ya wuce ni, ya miƙa wa Goggo.

"Ki ɓoye a kwallarki, Goggo. Na cire shi daga kwamfutar. Ba za a fito da shi ba sai mun gama na farko, mu haye mu uku."

"Da ka cire, ka tambayi Harisu?" na ce.

"Shi na fara tambaya, Yaya."

"To har yanzu ba ka faɗa mini gaskiya ba. Na biyun ya kai na farko?"

"Ban sani ba tukuna. Ni kaɗai na shiga. Sai mun shiga tare za mu sani."

Auta ya koyi darasinsa. Abin da kuka gina tare da wani, kada ka rushe shi sai ka tambaye shi. Kuma komai kyan sabon wasa, daɗinsa yana wurin waɗanda kuke yi tare.

Na rataya jakata, na durƙusa Baba ya sa mini albarka. Ina ɗaura igiyar takalmi sai fankar zaure ta fara juyawa. Auta ya wuce ni a guje, ya ɗare katanga.

"Harisu! Sun kawo!"