Magagari da Bindigar Kawu Mikaila

A zangon Salaga akwai wata yarinya 'yar aji shida. Babanta maƙeri ne. Duk Asabar yana barin ta ta zauna a maƙera, tana goge ƙarfe da magagari. Tana son wannan zama fiye da komai. Sai dai tana da saurin fushi, kuma ba ta son a ce mata "bari".

Wata Asabar Kawu Mikaila, mai sayar da doya, ya shigo rai a ɓace. Yana riƙe da bindigar iska. An ƙera ta kamar ta tsofaffin fina-finan kaboyi, mai mariƙi a ƙasa da ake ja a ɗana ta.

"Yaya, ɓeraye sun gama mini doya a sito," in ji shi. "In na auna, ƙwayar darma sama take tafiya. Na gaji paa."

Baba ya cire darmar da ke ciki, ya duba saitin. Ɗan tsinin ƙarfe ne a bakin bindigar, da ɗan tsagi a baya. Ta cikin tsagin ake hango tsinin.

"Baba, na san gyaran," in ji yarinyar.

"Ki bari. Wannan ba murfin tukunya ba ne."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Murfin tukunya wai! Da su Baba suka tafi sallar azahar, ta ɗauki magagari. A ganinta abin ba wuya. Tunda harbi sama yake zuwa, tsinin ne ya yi tsawo. Ta goge shi da ƙarfi, haushi na cin ta, har ya kusa shafewa.

Da suka dawo, Baba ya zana da'ira a kwali da gawayi, ya jingina shi a bangon baya. Ya sa darma, ya auna, ya harba. Darmar ba ta ko taɓa kwalin ba, can saman bango ta buga.

Baba ya shafa bakin bindigar. Fuskarsa ta canza.

"Wa ya taɓa wannan?"

Yarinyar ta ce, "Ni ce. Taimako na yi."

"Taimako?" Kawu ya buga ƙafa. "Da ina samun ɓera ɗaya cikin biyar. Yanzu kwanon rufi zan huda!"

Baba bai ɗaga murya ba, amma ya fusata sosai. "Na ce ki bari, kin ƙi. Bindiga kika taɓa ba babba a kusa. Ajiye magagarin. Ba ke ba maƙera."

Ta fita tana huci. A gida ta tarar da Mma Hanatu, mahaifiyarta, tana daka. Ta zayyana mata komai, har da cewa an zalunce ta.

"Kin tambaye shi yadda saiti ke aiki?" in ji Mma.

"A'a."

"To da wa kike fushi?"

Kunya ta kama yarinyar, ga tsoron kada ta rasa maƙera har abada. Ta koma can a hankali, ta durƙusa.

"Baba, Kawu, ku yi haƙuri. Ban sani ba, na yi kamar na sani."

Baba ya ɗauko bindigar. "Zo ki gani. In tsinin gaba ya gajarta, mai harbi sai ya ƙara ɗaga bakin bindiga kafin ya hango shi. Shi ya sa harbi ke ƙara sama. Ƙari yake so, ke kuma kin rage."

Ya liƙa ɗan guntun tagulla a wurin, mai tsawo da ƙyalli. Ya harba, darmar ta sauka ƙasa da da'irar kaɗan.

"Yanzu ne ake ragewa," in ji shi. Ya cire darma, ya miƙa mata magagarin. "Sau biyu kawai, ki tsaya."

Ta goga sau biyu, ta tsaya. Kawu ya karɓa, ya sa darma, ya harba. Tsakiyar da'irar ya huda.

"Tagullar nan ko a duhun sito zan gan ta," in ji shi, yana dariya a karon farko.

Yarinyar ta koyi darasi. Abin da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka taɓa, kuma kada ka yi aiki cikin fushi.

Baba ya ce, "Asabar mai zuwa ki zo da wuri."