Garwashin Gidan Goggo

Can a wani ƙauye an yi wata yarinya mai saurin fushi, sunanta Tabawa. Tun da goggonta ta rasu take kewarta, tana son ta zama mai haƙuri irinta. Ta yafa mayafin Goggo, fushi bai tafi ba. Ta zauna a tabarmar Goggo, fushi bai tafi ba.

Wata safiya, maƙwabciyar da ta tsawata mata jiya ta shigo ɗiban wuta. Baƙar magana ta zo wa Tabawa har baki. Ta haɗiye, ta zuba garwashi a kasko, ta durƙusa ta miƙa.

"Ga shi, Inna. A kula, da zafi."

Idon matar ya ciko da ƙwalla. Ta ce, "Haka goggonki take miƙo mini."