Wayar da Aka Kwance a Jirgin Rigakafi

Da hantsi aka iske gawar Maigandi a cikin jirgin ƙarfen da yake tuƙawa, a mashigar Argungu. Jirgin kai allurar rigakafi ne zuwa ƙauyukan fadama idan kogin Rima ya cika. Yana da fanka bisa dogon ƙarfe, iska na juya ta tana cajin batir, na'ura kuma tana ƙara ƙarfin wutar ta ba firjin magani. Maigandi na kwance gindin firjin, ba takalmi, tafin hannunsa na dama a ƙone.

Sufeto Muhyiddeen ya iso daga Birnin Kebbi, ya tarar masunta sun tsare Olatunji, mai gyaran wuta na unguwar Nasarawa, wanda ya haɗa wa jirgin wayoyi. Da kansa ya zo da jin labari, ga shi ana neman dukansa.

"Aikinka ya kashe mutum," in ji Sufeto.

"Ranka shi daɗe, bari in nuna maka abu guda."

Olatunji ya durƙusa bayan firjin. "Akwai koriyar waya da ta ɗaure firji da sandar fanka da inji ga jikin jirgi. In wuta ta ɓalle, ita za ta bi, fiyus ya ƙone, mutum ya tsira. Duba."

Wayar na lilo. Notinta a kwance yake, jan fentin da Olatunji ke shafa wa kowane noti ya tsage, sabon tsagewa. Kusa da ita an fere wayar wuta, an manna ta jikin firjin. Kwana uku Olatunji na aiki a wani masallaci a Birnin Kebbi, liman ya shaida. Sufeto ya sallame shi.

Mabuɗin akwatin wuta biyu ne. Ɗaya na hannun Hamida, malamar asibiti, ɗaya na hannun Kalilu, mai kula da firji.

"Malama, mi kinka gani?"

"Mun zo tare da Kalilu, munka hango shi kwance. Na zaci hawan jininai ne. Na yi gudu zan shiga, sai Kalilu ya riƙe ni, ya ce kar in taɓa firji. Ya zagaya ya kashe wuta."

"Daga ina ya faɗi haka?"

"Daga bakin gaɓa."

"Maigandi ya yi faɗa da wani?"

"Jiya ya ce yau zai tafi Birnin Kebbi da wata magana kan maganin. Bai ƙarasa mani ba."

Sufeto ya sa aka kira Kalilu, ya tsayar da shi daidai inda ya tsaya da safe.

"Kana ganin tafin hannun mutum daga nan?"

"A'a, ranka shi daɗe."

"Bayan firji fa?"

"Ba a gani."

"Malamar asibiti ta zaci ciwo ne. Masunta da farko sunka ce faɗuwa ce. Kai wa ya gaya maka wuta ce?"

"Tsammani na yi."

"Ba ka ce a yi hankali da jirgi ba. Firji ka ce. Wanda ya san inda tarko yake, shi ya ɗana shi."

A ɗakin Kalilu aka sami sufana da jan fenti a bakinta, da talabijin mai aiki da batir. Nan ya amsa laifinsa. Wata biyu yana cire batirin jirgi da dare yana kaiwa gida, firji na kwana ba sanyi. Maganin ya lalace, aka ci gaba da yi wa yara allurar banza. Maigandi ya gano, ya rantse sai ya kai ƙara. Kalilu ya san kullum Maigandi ke fara buɗe firji, ƙafa ba takalmi bisa ƙarfe.

Aka sa masa ankwa. Hamida ta zauna bakin jirgi, ta buɗe littafin sunayen yara.

"Ƙauye nawa ne, Malama?" in ji Sufeto.

"Goma sha ɗaya, har Augie. Kuma ƙyanda ta fara shigowa." Ta juya ga Olatunji. "Baba, ɗaure wayar nan. Gobe da safe za mu sake farawa daga ƙauyen farko."