Allurar da Ta Hana Giwa Zama

"Amarya, buɗe ido ki dube ni da kyau! Irina ba a sake haifa ba. Kujera mai cin mutum uku, ni kaɗai nake saɓa ta a kafaɗa in jefa a mota, maƙwabtan shago suna kallo baki buɗe!"

Giwa ke nan mai haɗa kujerun kushin, tsaye a ƙofar banɗaki daga shi sai tawul, yana bugun ƙirji kamar ganga. Yana rufe baki ya sunkuya zai ɗauki bokitin wankan da matarsa ta cika masa. Bokiti ya ce bai san zancen ba. Ya sake ja, sai ya ga bango ya bar wurinsa, wani duhu-duhu ya gilma masa. Da sauri ya dafe ƙyaure.

"Baban yara! Lafiya?"

"Santsi ne," in ji shi, alhali ƙasar a bushe take ƙayau.

Ta ɗauki bokitin ta shigar masa. Har yau Amarya yake ce mata, duk da babbar 'yarsu ta kusa gama sakandare, don shi a wurinsa ba ta taɓa tsufa ba. Ita kuma ta san shi ciki da bai. Ta san duk ranar da cika-bakinsa ya yi yawa, to tsoro ne ya cika masa ciki.

Tsoron kuwa yana da asali. Watannin baya kasala ta rufe shi, ƙusa ɗaya zai buga ya nemi benci, a gida ma da ya kwanta sai minshari. Da ƙyar Amarya ta ja shi asibiti. Likita ta duba sakamakon awo ta ce yana da ciwon suga, kitsen jininsa da ake kira kolestarol ya hau, sannan sinadarin ƙarfin maza, wato testostaron, ya yi ƙasa.

"Wannan na ƙarshen fa?" Giwa ya tambaya murya can ciki. "Ba shi da allura?"

"Yana da ita, amma ba yau ba. Mu fara saita suga da kitsen, mu sake awo. In ta kama a yi, ni zan sa ido, don allurar kan sa jini ya yi kauri, tana kuma iya rage kitse mai amfani a jiki. Ba abin wasa ba ce."

A hanyar gida ya riƙe hannun Amarya gam. "Ki yi min alƙawari. Ko Hajiya, ko Yaya, kada wanda ya ji. Ni Giwa a ce ciwon suga? A ce ƙarfina ya yi ƙasa? Gara in mutu!"

Ta yi masa alƙawari. Tun daga ranar ta rage mai a girki, ta ɓoye gwangwanin suga, ta hana lemon kwalba shiga firij, kullum safiya kuma ta miƙa masa ƙwayoyinsa da kofin ruwa.

Sai dai haƙuri ba ya cikin kayan aikin Giwa. A bayan shagonsa akwai wani mai kemis da ake wa laƙabi da Dokta, mutumin da ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa leƙawa ba. Shi ya ja Giwa bayan labule.

"Mutumina, batirinka ne ya yi lo, caji kawai kake buƙata! Wannan allurar orijinal ce, da garanti. Ita za ta ƙone sugar, ta narkar da kitsen. Amma fa ka daina shan ƙwayoyin asibiti, suna kashe mata fawa, ƙarfinta ya tafi."

Giwa ya sauke wando ya runtse ido. Da farko kam abin ya yi daɗi. Ya ji kamar an sake ɗaura masa jijiyoyi, yana tafe yana fito, yana tsokanar Amarya a kicin har tana korarsa da ludayi. Ƙwaya kuwa sai ya maƙale ta a kunci, ya kurɓi ruwa, yana fita ya tofar a kwata.

Daɗin bai je ko'ina ba. Ƙishirwa ta sako shi gaba, ya sha ruwa ya yi fitsari, ya yi fitsari ya sha ruwa. Wandunansa suka fara zamewa. Ƙuraje suka feso masa a goshi kamar saurayi, kai na sarawa, zuciya na dukan uku-uku. Wani lokaci yana auna yadi sai lambobin tef su rikiɗe su zama hazo. Ga saurin fushi, abu kaɗan ya hau faɗa. Mafi muni, inda Dokta ke caka masa allura a mazaunai ya kumbura ya yi ja, yana zogi kamar an binne garwashi. Mai haɗa wa duniya kujeru ya koma ba ya iya zama!

Amarya ta fi shi firgita. Ta huda masa yatsa da 'yar na'urar awon suga, ta ga lambar ta yi sama fiye da da.

"Innalillahi! Baban yara, me nake yi ba daidai ba? Ko ni ce nake rikita maganin? Don Allah mu koma asibiti."

"Na'urar ce ta lalace," ya ce, yana kallon gefe.

Ana cikin haka Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo da hantsi ba sanarwa. Tana ɗaga labule ta yi turus.

"La'ilaha illallahu! Wane ne wannan? Ina ɗan nawa? Ke! Me kika yi masa ya tsotse haka?"

Ta buɗe kwanon abincinsa ta ɗanɗana ta yamutse fuska. "Ba mai, ba ɗanɗano, ko fursuna ba a ba shi wannan." Idonta ya sauka kan ƙwayoyin da ke faranti. "Waɗannan fa? Maganin mene ne?"

Amarya ta dubi mijinta. Ya kafe ta da ido yana girgiza kai a hankali. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zaninta.

"Da ke nake magana! Kai kuma, me take ɗura maka?"

Nan ne fa Giwa ya yi abin da ya fi ƙurjin ciwo. Ya ji in ya faɗi ɗaya sai ya faɗi duka, har da labulen Dokta.

"Ni dai Hajiya... abin da ta ba ni shi nake haɗiyewa."

Amarya ta ɗago ta dube shi. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Shi ke nan!" Hajiya ta tafa hannu. "Ƙarar da kai take yi a tsaye. Gobe zan dawo da yayanka, ta tattara nata ya nata ta koma gidan ubanta, tun kana da sauran numfashi."

Bayan tafiyarta ya bi Amarya ɗaki, ya tarar tana ninke kayanta tana sawa a akwati.

"Amarya..."

"Ba zan karya alƙawarinka ba, Baban yara, ko da shi zai fitar da ni daga gidan nan. Tsorona ɗaya, in na tafi wa zai riƙa ba ka magani? Wa zai hana su cika maka kofi da suga?"

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, kunya ta hana shi. Ya fice shago ya tsaya cikin soso da katako, yana lissafin abin da zai fara rasawa, ransa ko matarsa.

Washegari da rana falo ya cika. Hajiya ta hakimce a babbar kujera, Yaya na gefenta, ƙannensa mata biyu sun jeru, Amarya na durƙushe a kan kafet kusa da akwatinta. Giwa kaɗai ke tsaye, ya jingina da bango, zazzaɓi na cinsa, gumi na tsiyaya ta gemu.

"Zauna mana," in ji Yaya.

"Na fi jin daɗin tsayuwa, Yaya. Tsayuwa motsa jiki ce."

"Hajiya na zaune kana tsaye a kanta kamar ɗan sanda? Na ce ka zauna!"

"Wallahi Yaya..."

Yaya mutum ne mai jiki, direban babbar mota, ba ya maimaita magana. Ya miƙe ya dafa kafaɗunsa biyu ya danna shi kan kujera.

"Wayyo Allah na! Wayyo Hajiya, na mutu!"

Ihun ya kai bakin titi. Giwa ya zabura ya kife a ƙasa, ga bayan wandonsa ya jiƙe da jini da ruwan ciwo. Ƙannen suka ƙwala salati. Amarya ce ta fara isa kansa, ta tallafe shi tana kiran sunansa, idanunsa na juyewa.

A asibiti aka kwantar da shi rub da ciki, aka ɗaura masa ruwa. Likitar nan tasa ce ta shigo da nas. Ta ce kowa ya fita, sai Giwa ya damƙe ƙafar gado.

"Kada kowa ya fita! In mutuwa ce in mutu a gaban dangina! Hajiya ki yafe min nonon da na sha!"

"To, kai ka zaɓa," in ji likita. Ta ɗaga zanin da aka rufa masa ta duba. "Malam, me ya same ka a nan?"

"Ƙusa ce. Na zauna a kan ƙusa a shago."

"Ƙusa? Dama da hagu, a jere? Wannan ƙusar ta iya aiki." Ta gyara tabarau. "Ka saurare ni. Sugarka ta kai inda mutum ke suma ya ƙi tashi. Jininka ya yi kauri, kitse mai cutarwa ya ƙaru, mai amfanin ya ragu. Irin wannan ne ke toshe jijiyar zuciya ko ya shanye ɓarin jiki. Kana shan maganin da na rubuta maka?"

"Suga?" Hajiya ta dafe ƙirji. "Ciwon suga gare shi?"

"Ya daɗe da shi, Hajiya. Abincin da matarsa ke yi masa da ƙwayoyin nan, ni na ce a yi. Abin da ban gane ba shi ne yadda magani ya ƙi aiki."

"Kullum ina sha!" Giwa ya faɗa cikin matashi. "A tambayi Amarya!"

Daidai nan wayarsa ta hau ruri a aljihun Yaya. Yaya ya duba ya ga an rubuta Dokta, ya ɗauka wani likitan ne, ya amsa ya buɗe murya don kowa ya ji.

"Giwa na mata! Ina ka shige ne? Yau fa ranar caji ce, sirinji na nan na jiran ka! Kumburin nan kada ya dame ka, alamar fawa ce. Ka dai ci gaba da tofar da ƙwayoyin madam a kwata, kada su ɓata mana aiki. Halo? Halo?"

Kowa ya juya ya dubi Giwa.

"Cajin me?" Yaya ya tambaya a hankali.

"Allurar ƙarfin maza," in ji likita. "Wadda na ce ya jira."

Ƙaramar ƙanwarsa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Hajiya kuwa ba ta yi dariya ba. Ta juya ta dubi Amarya da ke raɓe a jikin bango, idanu sun kumbura.

"'Yar nan, kin san da ciwon nan, na tsaya a kanki ina zaginki, kika yi shiru?"

"Alƙawari na yi masa, Hajiya. Allurar ce dai ban sani ba." Ta matso wurin likita. "Don Allah zai tashi?"

"Zai tashi, tunda kun kawo shi da wuri. Za mu wanke ciwon, mu saukar da sugar. Ya koma kan maganinsa da abincinki. Maganar allura kuma sai jikinsa ya daidaita mun sake awo, a nan, ba a bayan kanti ba."

Hajiya ta kamo hannun Amarya ta riƙe da hannu biyu, hawaye na bin kuncinta. "Ki yafe min. Na so in kori mai raya min ɗa da hannuna. Ku kuma ku ji da kunnenku," ta juya kan 'ya'yanta, "ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke kisa. Kuma macen da ta rufa maka asiri har ta yarda a kore ta, ba a saka mata da ƙarya. Daga yau duk wanda ya ɗaga wa yarinyar nan murya, da ni yake yi."

Giwa ya ɗan ɗago kai daga matashi, ya leƙo da ido ɗaya. "Amarya... ai dama yau na yi niyyar in faɗa..."

"Rufe min baki!" in ji Hajiya.

Nas ta turo tiren almakashi da auduga, ta ja safar hannu ta ce, "Malam, a ɗan ɗaga min."

Yaya ya harɗe hannu a ƙirji, ƙannen suka ƙi matsawa ko taku ɗaya, Amarya ta riƙe masa yatsu tana share ido tana danne murmushi. Giwa ya ja matashi ya rufe kansa ruf.