Sassafe a Garkar Ilyasu

"Ɗiyar wa ce ke?"

Tsahara ta tsaya cak da kwanon fura a hannu. Mahaifinta ne, Malam Jibo, yake kallonta kamar baƙuwa.

"Ni ce, Baba... Tsahararka."

Murmushi kawai ya yi, ya maida ido ga bishiyar dalbejiya.

Da la'asar Ilyasu, mai neman auren Tsahara, ya iso gidansu a Tsibiri daga garkarsa ta Jiratawa, da ɗaurin zogale a bayan moto. Ya tarar da idanunta sun yi jawur.

"Ka rabu da ni, Ilyasu. Fadila, ɗiyar kawunka da ke sonka, ta faɗa wa Hajiyarka ruɗewa gadonmu ce. Wata rana kai ma zan tambaye ka ko wane ne kai!"

"Sai in faɗa miki, sanyin idona. Kullum in faɗa miki."

"Ba wasa nake ba..."

"Ni ma haka. Na tambayi likita a Maraɗi. Ya ce ba kowa ke gadonta ba, kuma ana rage haɗarinta. A riƙa tafiya a ƙasa, a auna tansiyo don gudun hawan jini, a rage gishiri da sukari, a samu barci, kada mutum ya zauna shi kaɗai. Wanne ne a ciki ba za mu iya tare ba?"

Ta sunkuyar da kai. A ranta tana hango su sun tsufa, suna takawa a bakin hanyar ruwa, iska na kaɗa ganyen zogale, yana kiran sunanta tana amsawa.

Ranar Juma'a Hajiya Rahma, mahaifiyar Ilyasu, ta taso daga Sabon Gari da niyyar kashe maganar auren. Ta iske Tsahara riƙe da hannun tsohon suna zagaya gida, tana jan baƙin sura yana ƙarasa mata.

Hajiya ta daɗe tsaye a bakin zaure.

"Haka Innata ta yi," ta ce a hankali. "Har ta rasu da sunan ƙanwarta take kirana. Ashe a gidanmu ma akwai ta... Zo nan, ɗiyata."

Tsahara ta faɗa jikinta tana kuka.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam Jibo ya koma wurinsu Jiratawa. Bai warke ba, amma yana son garka. Kowace safiya su ukun suna takawa tsakanin kunyoyi, raɓa na jiƙa musu ƙafa.

Wata safiya tsohon ya ja hannun Ilyasu, ya yi ƙasa da murya.

"Yaro, yarinyar nan tana da kirki. Ka nemi aurenta kafin wani ya riga ka."

Ilyasu ya durƙusa a gabansa.

"To Baba, na zo nema. Za ka ba ni?"

Tsohon ya dubi Tsahara, tana dariya hawaye na zuba.

"Ai ga shi tana sonka. Na ba ka."