Farar Ƙafa a Ƙofar Yankari

A tashar Kura Salim ya fara ganin Mansura, ranar da ƙungiyar matasa manoman rani ta ɗauki bas zuwa Yankari bayan an gama yankan shinkafa. Tana zaune a jikin taga, ta rungume kwanon dambu da ta ɗaure a ɗankwali. Mota ta cika har ana matsuwa, amma kujerar kusa da ita babu kowa.

Shi ɗan Bunkure ne, bai san komai ba.

"Malama, da mutum a nan?"

"Babu," ta ce ba ta ɗago ba. "Amma da ka nemi wani wurin."

"Don me? Cizo kike yi?"

Saura kaɗan ta yi dariya. Ya zauna. Sai hirar da ake yi a bayansu ta tsaya cak.

Abin da Salim bai sani ba, ni na san shi, domin ɗana Lukmanu ne ya fara neman Mansura. An sa rana, an kai kaya. Wata safiya yana ba tumatirinsa ruwa, bututun ban-ruwa ya suɓuce masa ya faɗa babban kanal mai kai ruwa gonaki, ya miƙa hannu zai kamo, ƙafarsa ta zame. Can wajen gada aka tsamo shi. Ba a gama zaman makoki ba aka fara cewa yarinyar farar ƙafa gare ta, duk namijin da ya raɓe ta sai ya ga tsiya. Ta daina fita, ta rame. Ni na matsa mata ta bi motar nan ta sha iska. Abin da ya faru a hanya daga bakinta na ji shi, wani kuma daga bakin Salim.

Kafin su shiga Ningi taya ta fashe. Kowa ya sauka, Badamasi direba ya shiga ƙarƙashin mota yana mita. A nan Kubra ta ja Salim gefe. 'Yar kawunsa ce da ke zaune a Kura, wadda dangi suka daɗe suna kiranta matarsa da wasa, ita kuwa ba ta ɗauke shi wasa ba.

"Yaya Salim, ka san kusa da wa ka zauna? Ka tambayi Lukmanu. Au, na manta, ba ya amsawa yanzu."

Ba ta rage murya ba. Mansura na tsaye a inuwar mota, ta ji duka.

Da aka koma ciki, Salim ya zauna inda ya tashi.

A Bauchi aka tsaya cin masa. Ya sayo ya ajiye mata a kan cinya, ya ce ba a wuce Bauchi da baki a bushe. Ta ce ta ƙoshi. Ya ce to shi ma ya ƙoshi, su zuba mata ido ta huce. Da ta ga da gaske yake, ta ɗauki ɗaya.

A Dindima, daidai inda ake karya kwana zuwa daji, mota ta yi zafi ta fara hayaƙi. Badamasi na zuba mata ruwa, wani daga baya ya ce, "Kai direba, ba inji ne matsalarka ba, lodi ka yi mara kyau." Aka kwashe da dariya. Wata ta fara tofa addu'a a tafin hannu tana shafa wa ƙanwarta.

Da suka isa Mainamaji, ƙauyen da ke bakin ƙofar dajin, maganar ta fito fili. Kubra ta tsaya a ƙofar mota.

"Ni dai ba zan shiga dajin giwaye da ita ba. Taya ta fashe mun tsira, inji ya yi zafi mun tsira. Giwa ba a canza mata taya."

"Gaskiya ne," in ji wani. "Iyayenmu na jiranmu a gida."

Babu wanda ya ce a bari. Shugaban tafiyar ma kallon wayarsa ya yi ta yi. Mansura ta ɗauki kwanonta ta sauka. Wani ya miƙo mata jakarta ta taga da yatsa biyu, kamar ƙazanta.

Mota ta tashi, ta ɗan tafi, sai ta tsaya. Salim ya diro.

"Ka koma," ta ce, hawaye na zuba. "Ka zo tun daga Bunkure don ka ga giwa."

"Zan gan ta a waya. Buɗe kwanon nan, tun Kura ƙamshinsa ke hana ni sukuni."

A ƙarƙashin wata bishiya suka ci dambun, kusa da wata tsohuwa mai fura. Suka zaga ƙauyen, suka ga masu sayar da zuma, suka tsaya kallon gonar gero da ba ta san ruwan kanal ba sai na sama. Ta ba shi labarin Lukmanu tun daga farko, ba ta ɓoye komai ba. Ya saurara har ta gama.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Ke kuma kin sha wuya, Giwata."

"Giwa kuma?"

"To ai ke kaɗai na gani a tafiyar nan."

Tsohuwar ce ta ba Mansura wurin kwana a ɗakinta, ba ta tambaye ta komai ba. Shi ya kwana a masallaci. Washegari mota ta fito ta ɗauke su, ana ta nuna hotunan Wikki, ruwan ɗumin da ke cikin dajin, ba wanda ya miƙa musu waya.

Bayan sun dawo ya fara zuwa zance. Saƙonsa na farko har yau na riƙe shi, don ta karanta min ya fi a ƙirga:

"Giwata, an saki ruwa a layinmu yau, ina gona amma hankalina yana Kura. Kin ci abinci? Kada ki ce min kin ƙoshi, na san ƙoshinki."

Ta mayar masa: "Na ci. Don Allah kada ka tsaya a bakin kanal kana danna waya."

Sai tsutsa ta faɗa wa tumatir a shekarar. Ta ci na kowa, daga Kura har Garun Malam, amma na Salim kaɗai aka yi magana a kai. Kubra ta kai wa mahaifiyarsa, Hajiya Habiba, labarin taya da inji da kanal. Hajiya ta ce muddin tana numfashi yarinyar nan ba za ta tako gidanta ba. Ta aiko wa Mansura da saƙon baki: in tana neman wanda za ta binne, ta nema a wani gidan.

A ranar Mansura ta rubuta masa: "Malam Salim, kada ka ƙara zuwa. An yi min miji a gida. Na gode da masa."

Ƙarya ce, babu wani miji. Tsoro ne ya kama ta, don ita ma ta fara yarda da abin da ake faɗa. Ta zo ɗakina ta zauna ta miƙe ƙafafunta tana kallonsu.

"Iya, ko dai gaskiya ne?"

Sai kuka ya ci ƙarfina.

Salim ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa. Da ya bincika ya gano ba wanda ya kai gaisuwa gidansu, sai ya aiko: "Giwata, ba ki iya ƙarya ba. Na tambayi mai unguwa, na tambayi mai shagon layinku. In ba kya sona ki faɗa, zan haƙura. In don maganar mutane ne, ba inda za ni."

Ya ce wa mahaifiyarsa in ba Mansura ba, ya fasa aure. Shi ya sa Hajiya ta wanko ƙafa ta zo gidana, ta taho da shi don ya ji da kunnensa. Ta ɗauka uwar mamaci ce za ta gama mata aikin. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, ta sha.

"Iya Tambaya, ke abin ya faɗa wa. Ki gaya wa yaron nan abin da yarinyar ta yi wa ɗanki."

"Ta yi masa dambu," na ce. "Ta saƙa masa hula. Ranar da ya faɗa ruwa tana gidansu tana tankaɗe."

"Ba wannan nake nufi ba. Ƙafarta."

"Hajiya, na binne mijina. Na binne 'ya'ya biyu tun suna goye, na binne Lukmanu da gemunsa. Ita ko ɗakinsa ba ta taɓa shiga ba. In ana neman farar ƙafa a zancen nan, ga tawa." Na miƙa mata su a kan tabarmar. "Kin zauna a shimfiɗata, kin sha ruwan randata. Ki tashi mu ga ko za ki kai Bunkure."

Ta dubi kofin da ke hannunta, ta ajiye shi a hankali. Ta tashi ta fita, ko sallama ba ta yi min ba.

Ta kai Bunkure lafiya. Salim ya kwashe yadda aka yi ya gaya wa mahaifinsa, Malam Dattijo, wanda da ya bar zancen a hannun mata. Malam ya ce shi ba zai karantar da ƙaddara a zaure ba, a cikin gida kuma ana hana aure da canfi. Ya tura ƙannensa neman auren. Hajiya ba ta ce ta so ba, ta dai daina cewa a'a.

An ɗaura aure bayan Juma'a. Rabin 'yan motar nan sun zo, sun ci shinkafa har da ƙari. Kubra ba ta zo ba. A gidan biki na ga wata ta janye ɗanta da amarya za ta wuce, Mansura ma ta gani, ta dai gyara mayafi.

Da za a tafi da ita ta riƙe zanina ta ƙi saki.

"Iya, ki yafe min."

"Me kika yi min? Tashi, mijinki na jira."

Salim ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce daga yau ina da ɗa a Bunkure. Na dafa kansa. Tsayinsu ɗaya da Lukmanu.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su tsufa tare har su gaji da ganin juna. Allah ya rufe bakin mutane a kansu. Nawa kuma Allah ya haskaka makwancinsa.